Dalmar Sarkin Ruwa

Malam Uwaisu Yelwa ya sauka daga bas a Aldwych da ke London, ya yi taku goma zuwa ƙofar ɗakin karatun da ya bari shekara huɗu da suka wuce, sannan ya tuna ba can za shi ba. Ƙafa ta fi mai ita riƙe hanya. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana jera littattafai a wannan gini, har ya karance rabinsu don haushin masu aro su mayar ba su buɗe ba. Ya yi tsaki, ya juya ya nufi gadar kogin Thames.

A aljihun kwat ɗinsa na dama akwai takarda mai ɗauke da dalilai bakwai. A na hagu akwai dalma, 'yar guntuwa kamar ƙwallon dabino, irin wadda masunta ke ɗaurawa a bakin birgi, ragar kamun kifi, don ya nutse. Takardar da gangan ya sa ta. Dalmar kuwa, da za a tambaye shi, cewa zai yi yana kwasar makulli daga kan tebur ta biyo hannunsa.

Maganar ba ta da tsawo. Mufeeda, 'yarsa ɗaya tilo, ta sami aiki a tsibirin Pemba, can gaɓar gabashin Afirka. Shekara uku za ta yi tana nutso tana dasa murjani a ƙasan teku, a inda zafin ruwa ya kashe na da. Masu aikin suna jiran amsarta kafin ƙarfe biyar na yammacin yau. Ita kuma ta ce ba za ta tura komai ba sai ta ji "na yarda" daga bakinsa. Mako uku ke nan yana amsa mata da tari. Jiya ta ajiye masa tikiti kusa da butar shayi, ta ce ya zo gidan kifin da take aiki ya ga abin da idonsa, in ya so ya hana ta a can.

To, ga shi ya zo hanawa. Dalili na farko, teku ba shi da reshen da za a kama. Na uku, abin da za a ce a masallaci in an ga hotonta cikin kayan roba. Na bakwai, hawan jini. Akwai na takwas da bai rubuta ba, don ba ya rubutuwa: flat ɗinsu na Catford mai kujeru uku a teburin cin abinci, wanda tun rasuwar matarsa Katumi shekara uku da suka wuce ɗaya ta zama wurin ajiye jarida.

Katumin ce ma ta jawo duk wannan. Ita ta riƙa kai yarinyar wurin iyo na council kowace Asabar tana ce masa extra lesson za su. Ya san ƙarya ce, don lissafi ba ya sa tawul warin magani. Bai taɓa tanka mata ba. Yanzu ta tafi ta bar shi da sakamakon, yadda matattu suka saba.

A ƙofar gidan kifin wani ƙato cikin baƙar riga ya ware hannuwa. Gariba ne, mutumin Kumasi mazaunin Tottenham, mai gadin wurin, wanda suke haɗuwa da shi sau biyu a shekara a filin Idi.

"Alhaji! Yau ka zo kallon yarinyanka?"

"Ban je Makka ba, Gariba."

"A London duk mai farin gashi Alhaji ne. Wallahi yarinyan nan naka, shi kifi ne. In ya shiga ruwa, Turawa duka suna yin shiru."

"Ita, Gariba. Mace ce."

"To, shi na ce. Zo, sun fara, kar ka yi missing."

Ya bi shi ta wani lungu mai duhu da sanyi, suka ɓullo gaban bangon gilashi wanda ya kai tsayin bene. Gariba ya bar shi a nan ya koma bakin aiki.

Malam Uwaisu ya karanta littattafai uku a kan murjani cikin makonnin nan, don ya san abin da zai ƙi. Ya san dabba ce ba dutse ba, ya san tana gina gidanta da ɗan abin da take tsotsa a ruwa, taki ɗaya a shekara. Babu littafin da ya gaya masa abin zai yi kama da kasuwar 'yan atamfa ranar jajibiri. Wani murjanin ya yi rassa kamar ƙahon barewa, wani ya baje kamar faifai, wani ya dunƙule da zane-zane kamar ƙwaƙwalwar rago. Kifaye rawaya suna wucewa a jere, shuɗɗa suna ratsa su ba sallama. Wani ɗan ƙarami mai ratsin fari da ruwan goro yana shiga cikin wata ciyawa mai motsi yana leƙowa, kamar mai shago da ba ya son ciniki.

Ya tsaya da hannuwa a baya, ya ƙi yarda abin ya burge shi. A ganinsa duk wannan ado ne kawai, babu ɗaya a cikinsu da zai yi romo. Ina giwan ruwa, ina ragon ruwa? Sai ga wani mai kumburarren ciki da haƙora kamar na zomo ya zo daf da gilashi ya zuba masa ido.

"Talibambam," in ji Malam Uwaisu a fili. "Kai ma nan ka ƙare?"

Daga sama kumfa ta fara zubowa, sai ga mutum yana saukowa. Baƙaƙen kayan roba tun daga kai har idon sawu, tulun iska a baya, tiyo a baki, takalma kamar ƙafar agwagwa. Da a titi ne ba zai gane ta ba. A ruwa kuwa ya gane ta tun kafin ta juyo, ta yadda take saukowa.

Kafaɗar hagu take fara bayarwa. Ba ta faɗo wa ruwa da ƙirji kamar abokin aikinta da ke biye da ita, yana harbe-harbe yana tayar da yashi. Ta karkata ta ba ruwan gefe, ta zame ciki kamar wuƙa a kube, ta tsaya cik taki ɗaya sama da murjanin, ko ƙwayar yashi ba ta tashi ba. Mutum ɗaya ya taɓa gani yana sauka haka, kuma wannan mutumin ya rasu Mufeeda ba ta zo duniya ba.

Mutumin shi ne Bawa, uban Uwaisu, Sarkin Ruwan wata 'yar tungar masunta a ƙasan Yelwa. A gidansu ba a cewa yaro ya isa sai ruwa ya shaida. Idan ɗa namiji ya kai sha biyu, uban zai ɗauke shi a kwalekwale zuwa gurbi mai zurfin gaba uku, ya yanke dalma ɗaya daga bakin birginsa, ya jefa. Yaro ya bi ta da numfashi ɗaya. In ya fito da ita a hannu, uban ya ce, "Ruwa ya san ka," shi ke nan, daga ranar ba mai tambayarsa ina za shi. Yayyensa huɗu duk sun ɗauko tasu. Uwaisu ya gwada shekara uku a jere. A ta ukun ya fito da haɓo da dunƙulen laka. Bawa bai yi faɗa ba. Ya yanke wata dalmar, ya buɗe tafin hannun yaron ya ɗora masa ita a bushe, ya ce, "Tafi makaranta."

Mutanen tunga sun ce tausayi ne. Uwaisu ya tafi makarantar, ya yi ta tafiya har ya ƙare a Aldwych. A London in an tambaye shi aikin mahaifinsa sai ya ce harkar ruwa, mutane su ɗauka Water Board, shi kuma ya ƙyale su. Katumi kaɗai ta san labarin. Mufeeda ta taso tana ganin dalmar a kan teburinsa tana danne takardu, ba ta taɓa tambaya ba.

A cikin gilashin ta ciro wani ɗan reshen murjani daga kwandon da ke ɗaure a ƙugunta, bai wuce yatsa ba. Ta goge wurin da buroshi, ta shafa wani abu kamar ƙullu, ta dasa, ta riƙe shi da yatsu biyu tana jira. Kifaye suna zagaya kanta, ba ta kore su ba, su ma ba su gudu ba. Talibambam ya zo yana shinshinar kwandon, ta ture shi da bayan hannu kamar akuyar gida.

Wata tsohuwar Baturiya da ke gefensa ta ce da Turanci, ai wannan ƙaramar ta fi ɗayan iyawa nesa ba kusa ba.

"'Yata ce," in ji Malam Uwaisu.

Bai yi niyyar faɗa ba. Tsohuwar ba ta ji sosai, sai da ya maimaita da ƙarfi, har mutum biyar suka waiwayo. Ya gyara wuyan kwat, ya taɓa aljihun dama don ya tabbatar dalilansa suna nan.

Ƙarfe huɗu saura kwata Gariba ya dawo ya hau da shi sama ta matakalar ma'aikata. Can babu ado, sai famfuna masu gurnani da bututai da warin gishiri, da bakin tankin a buɗe kamar babbar rijiya. Shugabar sashen, wata doguwar mace mai suna Eunice, ta gaishe shi da fara'a, ta sa ya wanke hannu har gwiwa, ta karanto masa dokoki. Kada ya wuce jan layi. Kada ya taɓa ruwan. Kada komai ya faɗa ciki, musamman ƙarfe, don murjani ba ya jure shi, ga kuma Gerald da ke haɗiye duk abin da ya gani yana ƙyalli.

"Wane ne Gerald?"

Eunice ta nuna masa talibambam. Malam Uwaisu ya ce a ransa, ƙasar da ake raɗa wa kifi suna a bar tsofaffi su mutu su kaɗai a flat.

Mufeeda ta fito ta matakalar ƙarfe, abokin aikinta ya karɓi tulun da ɗamarar nauyi ya wuce da su ciki. Ta zauna a bakin tankin, ta tura tabaran nutso saman goshi, ruwa yana ɗiga daga haɓarta. Hancin Katumi ne, da idon Katumi in tana shirin rigima.

"Sannu da zuwa, Baba. Ka gani?"

Da Hausa ta yi maganar. Ya san dabarar. Tun tana ƙarama Turanci take amsa masa da shi, sai in tana son wani abu.

"Na ga kifayen da ba a ci."

"Baba."

Ya zaro takardar ya warware.

"Ka yi list? Wallahi ka yi list!" Ta juya ga Gariba. "Uncle, ka ga abin da nake fama da shi?"

"Ni ba ruwana," in ji Gariba. "Ni security ne."

"Na ɗaya," in ji Malam Uwaisu. "Teku ba shi da reshe."

"Ina da training, ina da buddy da muke nutso tare, ina da dive ɗari huɗu a littafina. Next."

"Kada ki ce mini next, ni ba layin banki ba ne."

Ta sunkuyar da kai. "Yi haƙuri. Amma Baba, ƙarfe huɗu ta yi. In a'a ne, ka ce a'a, zan yi declining, ba zan yi fushi ba. Zan yi, amma zai wuce. Shirun nan ne ba na iya ɗauka."

Ya dubi dalili na biyu, ya ga bai fi na farko ƙarfi ba. Ya karanta isassun littattafai da zai gane rubutun mutumin da ke kewaye-kewaye.

"Duk abin da na gani a ƙasa," ya ce, "da tulu ne da tiyo. Bature ya ɗura miki iska a gwangwani. In an cire su me ya rage?"

"Ni."

"Zurfin nan nawa ne?"

"Mita shida. Me ya sa?"

Gaba uku da 'yan kai. Ya yi lissafin tun kafin ya so yi. Hannunsa na hagu ya shiga aljihu, ƙafarsa ta tsallake jan layi, kuma Malam Uwaisu Yelwa, wanda bai taɓa tsallaka titi ba sai fitila ta ba shi hannu, ya ɗaga dalmar ya jefa ta tsakiyar tankin.

Shekara hamsin da ɗoriya na murzar babban yatsa sun sa ta sheƙi kamar azurfa. Tana juyawa tana walƙiya tana nutsewa, Gerald kuma ya juyo da dukan cikinsa ya bi ta.

Eunice ta ƙwalla ƙara. Gariba ya ce, "Innalillahi, Alhaji!" Mufeeda ta ja tabaran ta rufe ido, ta zuƙi numfashi ɗaya mai tsawo, ta ba ruwan kafaɗar hagu.

Bawa da Ƙulhuwallahu yake auna nutson 'ya'yansa. Yaro mai kyau yakan fito a ta biyar. Uwaisu ya tsinci leɓunansa suna karantawa. Ta sama yana hango baƙar inuwarta tana miƙewa, ta cimma kifin, ta kauda shi da gwiwar hannu. Ƙafa uku. Dalmar ta shige tsakanin rassan murjanin nan mai kama da ƙahon barewa. Ƙafa huɗu. Da shi ne da ya cusa hannu ya ɓalle duk abin da ya tare shi, in dai zai fito. Ita ta tsaya a kife, kai ƙasa, tana zura yatsu biyu a hankali kamar mai cire ƙaya daga maƙogwaron jariri. Biyar. Shida.

A ta bakwai ya manta ayar da ke biye. Me ya yi? Ya zo hana ta teku, ya jefa ta rijiya da hannunsa. Ya ji ɗanɗanon laka da jini a bakinsa, na wancan gurbin. Ya matsa har takalminsa ya leƙa bakin tankin, Gariba ya damƙe masa kwat ta baya.

Ruwan ya tsage. Ta fito tana haki, ta kama matakala da hannu ɗaya, ɗayan a dunƙule. Abin da ya fara fitowa daga bakinta Turanci ne, mai yawa, da sauri, irin wanda ba a yi wa uba. Ya saurara har ƙarshe, bai taɓa jin abin da ya kai shi daɗi ba. Sannan ta buɗe hannun ta duba.

"Wannan ai abin kan teburinka ne."

"Dalmar birgin kakanki ce. Masunci ne, Sarkin Ruwa. A gidanmu uba yakan jefa, ɗa ya ɗauko, daga nan ba a sake tambayarsa ina za shi." Ya kau da kai. "Ni ban iya ɗaukowa ba. A hannu aka ba ni."

Ta dube shi, ta dubi dalmar. Ruwa yana gangarowa a fuskarta, ba a iya bambance na tanki da hawaye.

"Ko reshe ɗaya ban karya ba," ta ce a hankali.

"Na gani."

"To?"

Maza ake faɗa wa, kuma a kwalekwale, kuma bakin Sarkin Ruwa ne ke faɗa, ba na tsohon ma'aikacin laburare mai hawan jini ba. Amma duk waɗanda za su yi gardama suna kabari.

"Ruwa ya san ki," in ji Malam Uwaisu. "Je ki."

Eunice ta gama duba Gerald, ta tabbatar lafiyarsa ƙalau sai dai ɓacin rai. Ta zo ta tsaya gabansa, ta yi masa bayani da irin ladabin Ingilishi mai yanka ba jini, cewa ta fahimci al'amarin iyali ne, cewa za ta rubuta rahoto, cewa Mufeeda ba ta da laifi, shi kuma ba a buƙatar sake ganinsa a ginin nan, ko da tikiti ko babu. Ya ce ya gode, hukuncin ya yi daidai. Ya daɗe bai faɗi haka da gaske ba.

Gariba ne ya raka shi, yana riƙe da gwiwar hannunsa don a ga yana aiki.

"Shekara tara ina nan," in ji Gariba. "Na kori masu giya, na kori wani da ya zo da ƙugiya cikin jaka. Ban taɓa korar Alhaji ba. Za ka sa a yi mini query."

"Ka ce na fi ƙarfinka."

"Wa zai yarda?" Suka iso ƙofa. Gariba ya sake shi, ya rage murya. "Amma ni an gaya mini babanka Water Board ne."

"Masunci ne. Kifi yake kamawa da hannunsa, yana wari tun daga Yelwa har Jebba. Ka gaya wa duk wanda ya gaya maka."

"Zan yi announcing a Idi."

"Yi."

Yana tsakiyar gada wayarsa ta yi motsi. Biyar saura minti goma sha biyu. Ta rubuta: "Na yi sending. Tafiya nan da sati shida. Ba zan mayar maka da dalmar ba." Ya tsaya ya karanta sau biyu, mutane suna kauce masa suna tsaki. A ƙasa Thames yana wucewa, ruwan ƙasa-ƙasa kamar kogin Kwara da damina, ba kowa a cikinsa. Ya lalubi takardar dalilai bakwai, ya yi tunanin jefa ta, ya tuna an riga an kore shi daga wuri ɗaya yau saboda jifa. Ya mayar da ita aljihu.

Da ya isa Catford ya tarar ya bar taga a buɗe. Iska ta kwashe takardun kan teburinsa ta watsa su har ƙarƙashin kujeru. Ya durƙusa da ƙyar ya tattara su ɗaya bayan ɗaya, ya jera, ya duba ko'ina bai ga abin da zai danne su da shi ba. Ya shiga kicin ya ɗauko kofin shayin Katumi, wanda ba wanda ya taɓa shi shekara uku, ya kife shi a kansu.

"Kin ji abin da 'yarki ta yi yau?" ya ce. "Ƙulhuwallahu bakwai. Yayana Sale ma sai a ta biyar ya fito, kuma shi babu kifin da ke takara da shi."

Sannan ya ɗora ruwan shayi, ya fito da kofi biyu, tunda har yanzu akwai sati shida.